Kafin a sayi gidan haya a Legas, a zauna da biro da takarda

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ɗan ba mu fili a jaridarka domin mu ja hankalin 'yan uwa 'yan kasuwa mazauna Legas a kan wata shawara da ta zama ruwan dare a majalisu, tun daga Zangon Agege har Idi-Araba, Obalende, Mile 12 da Alaba Rago. Da zarar Allah ya ɗan buɗa wa mutum, sai a ce masa ya sayi gida ya zuba 'yan haya, wai ƙasa ba ta ruɓewa. Haka ne, ba ta ruɓewa. Sai dai kwanon da ke samanta yana tsatsa, sokawe, wato ramin bahaya, yana cika, ɗan haya kuma yana iya share wata takwas bai biya ba. Mu da ke harkar saye da kula da gidaje a garin nan mun lura mafi yawan masu saye lissafi ɗaya suke yi: nawa ne gidan, nawa ne hayarsa. Ɗan kasuwar da ba zai taɓa kiran kuɗin motar albasa riba ba sai ya cire kuɗin direba, na 'yan dako, na kan hanya da buhunan da suka ruɓe, shi ne kuma zai zuba miliyan ɗari a gini a kan maganar dillali kawai.

Bari mu buga misali da alƙaluman da muka zaɓa don sauƙin lissafi, kowa ya musanya su da na unguwarsa. Mu ɗauka ga bene mai fulat huɗu, kowanne ɗaki biyu da falo, an yi masa kuɗi naira miliyan 100, kowane fulat kuma ana ba da shi miliyan 2 a shekara. Dillali zai ce maka miliyan 8 a kan miliyan 100, wato kashi 8 cikin ɗari, nan da shekara 12 da rabi ka mayar da uwar kuɗinka. Wannan lissafin ya karye tun daga tushe, domin ba miliyan 100 za ka kashe ba.

Akwai la'adar dillali, wadda a ciniki irin wannan aka saba cewa kashi 5, miliyan 5 ke nan, ko da yake ana ragi idan mai saye ya iya baki. Akwai lauyan da zai je ofishin filaye na Alausa ya binciki takardu, da safiyon da zai kai taswirar filin ofishin babban safiyo na jiha a tabbatar ba ya cikin filin da gwamnati ta karɓe, ba ya kan hanyar ruwa ko inda titi zai bi. Mu sa musu miliyan 2. Sannan dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta ce ba a sauya mallakar fili mai satifiket sai da sahalewar gwamna. A 2015 gwamnatin Legas ta sauko da kuɗin wannan daga kashi 13 zuwa kashi 3 na ƙimar da ita gwamnatin ta yi wa kadarar, ba lallai kuɗin da kuka rubuta a takardar ciniki ba, kuma akwai ƙananan kuɗaɗe da ke biye. Mu ce miliyan 3. Tsohon gida kuwa da wuya ya karɓi sabon ɗan haya ba tare da an taɓa wayoyin wuta, bututun ruwa, tayil da fenti ba: miliyan 10. Jarin gaskiya ya zama miliyan 120. Tun ba a karɓi sisi ba, kashi 8 ya koma 6.7.

Da yawa suna tsallake sahalewar gwamna don su tsira da miliyoyin nan, su ajiye takardar ciniki da rasit a akwati. Ranar da suka tashi sayarwa, ko kai gidan jingina, ko magada suka zo rabo, ranar ce za su biya da tsada, domin mai saye mai hankali zai zaftare farashi ko ya fasa. Idan kuma gidan gado ne na dangi, kamar yadda tsofaffin gidajen Agege da Mushin da dama suke, sai shugaban dangin da manyan 'yan gidan sun sa hannu tare. Cinikin da wasu 'yan gida suka yi ba da shugaban ba, a kotu tamkar ba a yi ba ne.

Yanzu mu koma kan miliyan 8 ɗin. A gida mai fulat huɗu, a ƙiyasta mutum ɗaya zai tashi kowace shekara, kuma tsakanin fitarsa, gyara da shigowar wani za a ci wata uku. Naira 500,000 ta tafi. A ware 300,000 na bashin da ba zai taɓa fitowa ba. Abin da ya shigo hannu miliyan 7.2 ne. Wanda zai kula da gidan, lauya ne ko ma'aikacin gidaje, yakan ɗauki har kashi 10 na abin da ya karɓo: 720,000. Wani zai ce shi da kansa zai kula, ba sai ya biya kowa ba. To, ya ƙiyasta ranakun da zai rufe shago ya shiga cunkoson Ikorodu Road don famfo ya fashe, ya ga ko kyauta ne.

Harajin ƙasa na jihar Legas, wanda ya haɗe kuɗin fili, harajin gida da na inganta unguwa wuri guda, ana yanka shi ne bisa ƙimar gidan, kuma gidan da aka ba haya ya fi wanda mai shi ke zaune ciki tsada nesa ba kusa ba. Ana yin rangwame ga wanda ya biya da wuri, ana ɗora tara ga wanda ya makara. Mu sa 150,000 a misalinmu, amma mai saye ya nemi takardar harajin bara ta gidan ya ga ainihin adadin, ya kuma tabbatar babu tsohon bashi, domin da zarar gida ya zama naka kai za a nema. Haka bashin wuta. Gidan da ke kan mita ɗaya ta tsohon yayi, ko wanda ake yi wa kuɗin wuta na ƙiyasi, yakan zo da bashin dubban ɗaruruwa a kamfanin wuta na Ikeja Electric ko na Eko, kuma rigimar raba bil tsakanin 'yan haya ba ta ƙarewa. A sa wa kowane fulat mitarsa mai kati, a sa wata daban ta injin ruwa da fitilun tsakar gida. Tun da aka kai kuɗin wutar rukunin A, wato unguwannin da suka fi samun wuta, sama da naira 200 kowane yunit a watan Afrilun 2024, wanda ya bar injin ruwa a wuyansa ya san abin da ya ɗauka.

Ƙananan gyare-gyare na yau da gobe, kwasar sokawe, makulli, famfo mai ɗiga, yashe kwata kafin damina, a ware musu 600,000. Inshorar gobara da ambaliya, 200,000. Wanda yake ƙyamar inshorar da aka saba akwai takaful, wato inshorar Musulunci. Lauya da zirga-zirgar kotu, 130,000, ko da shekarar ta wuce lafiya a bar kuɗin a ajiye.

Saura babban abin da kusan kowa ke mantawa, wato kayan da ba sa lalacewa kowace shekara amma kowace shekara suna tsufa. Hanyar lissafinsu mai sauƙi ce: kuɗin sabuntawa a raba da shekarun da abin zai yi. Rufin da zai ci miliyan 6 ya yi shekara 20, 300,000 ne a shekara. Fentin waje na miliyan 2 duk shekara 4, 500,000. Sumo, wato injin janyo ruwan burtsatse, da tankin ruwa na 600,000 duk shekara 3, 200,000. Gyaran fulat ɗin da aka tashi daga ciki, 400,000, domin kuɗin ajiyar ɓarna da ake karɓa wurin ɗan haya ba kasafai yake isa ba, kuma asali ma amana ce da za a mayar masa idan bai ɓata komai ba. Jimla miliyan 1.4. Wannan kuɗin ba na mai gida ba ne ko da yana kwance a asusunsa. Kuma a riƙa sabunta lissafin duk shekara, don buhun simintin da ake saye ƙasa da 5,000 a farkon 2023 ya kai 10,000 a wasu wurare a farkon 2024.

Idan aka haɗa, ɗawainiya ta tashi miliyan 3.2. A cire daga 7.2, saura miliyan 4. A kan jarin miliyan 120, kashi 3.3 ke nan, kuma kafin harajin kuɗin shiga. Shekara 12 da rabin dillali ta zama shekara 30.

Mun san abin da za a ce: ai haya tana tashi, gidan ma yana ƙara daraja. Gaskiya ne, kuma a nan ne ribar gidan Legas take idan akwai ta. Amma a auna da ma'aunin da ya dace. A watan Disambar 2024 hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta sa hauhawar farashi a kashi 34.8. Hayar da aka ƙara da kashi 20 a irin wannan shekara raguwa ta yi. 'Yan canjinmu sun fi kowa gane wannan: gidan da aka saya miliyan 46 a farkon 2023, lokacin da dala take wajen naira 460 a farashin gwamnati, dala dubu 100 ne. Idan aka sayar da shi miliyan 100 bayan dala ta haura 1,500, mai shi zai yi ta murnar ya ninka kuɗinsa, alhali abin da ke hannunsa bai kai dala dubu 67 ba. Kuma kafin ya ga kuɗin sai ya jira mai saye, wani lokaci shekara guda, ya biya la'ada, ya biya haraji. Gida ba buhun shinkafa ba ne da za a fitar da safe a karɓi kuɗi da yamma, saboda haka wanda jarinsa na juyawa ne kada ya binne shi duka a bulo.

Sai kuma a kwatanta da inda kuɗin zai iya zuwa. Sukuk ɗin gwamnatin tarayya (takardar zuba jari ta tsarin Musulunci) na farko a 2017 ya biya kashi 16.47 a shekara, na 2025 kuma 19.75, babu ɗan haya babu sokawe. Ba muna cewa ya fi gida ba ne, tunda uwar kuɗin sukuk naira ce da ke narkewa, ƙasa kuwa tana bin farashi. Abin nufi, mai saye ya rubuta lambobin biyu gefe da gefe: ribar haya ta gaskiya haɗe da ƙarin darajar da yake sa rai, a ɗaya gefen kuma abin da kuɗin zai kawo a sukuk ko a kasuwarsa. Idan gidan yana ba da kashi 3, dole ƙasar ta riƙa tashi da sama da kashi 16 duk shekara kafin su yi kunnen doki da sukuk ɗin 2025. A wasu unguwanni hakan na faruwa, a wasu kuwa sam.

Maganar cin bashi don sayen gidan haya gajeriya ce. Babban banki ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa 27.5 a ƙarshen 2024, bankunan kasuwanci kuma sama da haka suke bayarwa. Ko da an sami rancen miliyan 40 a kan kashi 25, ruwan kaɗai miliyan 10 ne a shekara, ya fi hayar gidan gaba ɗaya. Ban da haramcin riba ga Musulmi, lissafin ma bai fita ba. Wanda zai bi ta bankin da ba ya ta'ammali da ruwa, shi ma ya tambayi jimlar abin da zai biya a shekara ya ɗora a kan miliyan 4 ɗin nan ya gani.

Abin da ke sa ƙasa ta tashi a Legas sananne ne: hanya, tsandauri da takarda mai tsabta. Gadar Pen Cinema da aka buɗe a 2021 da jirgin ƙasan Red Line da ke bi ta Agege tsakanin Agbado da Oyingbo sun sauya lissafin unguwannin da ke kusa da su. Abin da ke kashe ta kuma ruwa ne. Kada a je duba gida a watan Janairu a yanke hukunci. A koma a watan Yuni ko Yuli, washegarin ruwan sama mai ƙarfi. A dubi katanga daga ƙasa: idan akwai zanen laka a tsaye daidai gwiwa, ko sabon fenti da ya tsaya a ƙugu alhali sama tsoho ne, an ɓoye wani abu. A shafa bangon ɗakin ƙasa a ji ko filasta tana kumbura tana zubar da farin gari, a ɗaga murfin sokawe a ga ko ruwan ƙasa ya cika shi, a tambayi mai shagon bakin layi inda ruwa ke kaiwa. Unguwannin bakin kogin Ogun, irin su Isheri da gefen Mile 12, suna shan ambaliya idan aka saki ruwan madatsar Oyan wajen Satumba da Oktoba, ko da ba a yi ruwan sama a ranar ba. A ɓangaren Lekki da Ajah kuwa iskar teku tana cin ƙarfe da kwano da wuri, ruwan burtsatse yakan fito ja yana buƙatar tacewa, wanda zai yi sabon gini kuma kuɗin harsashi kaɗai na iya cinye abin da ya tanada na hawa ɗaya. A irin waɗannan wurare shekarun da muka ba rufi da fenti a sama sai an rage su. Gidan da ya shiga hurumin magudanar ruwa ko bai da izinin gini, rusau ɗin da aka yi ta yi a 2023 da 2024 ya isa darasi. A nemi takardar amincewa da tsarin ginin, a kuma biya injiniya ya duba ginshiƙai kafin a ba da kafin alƙalami.

Doka ma tana da farashi, kuma 'yan uwa da yawa ba su san ta ba sai sun faɗa ciki. Dokar haya ta jihar Legas ta 2011 ta hana karɓar kuɗin fiye da shekara ɗaya daga sabon ɗan haya, hukuncinta tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata uku, ko da yake ba ta shafi Ikoyi, Victoria Island, Apapa da Ikeja GRA ba. Don haka wanda ya gina lissafinsa a kan karɓar shekara biyu a dunƙule ya sake tunani. Idan ba a rubuta wani wa'adi a yarjejeniya ba, mai biyan shekara-shekara notis ɗin wata shida yake da shi, mai biyan wata-wata kuma wata ɗaya. Bayan wa'adin ya cika a ba shi wata takardar ta kwana bakwai, sannan a je kotu. Kuskure ɗaya a kwanan wata ko a sunan wanda aka rubuta wa yana iya sa a koma farko. Cire ƙofa, yaye kwano, ko turo ƙarti su watsar da kaya laifi ne da ke jawo tarar da ta kai 250,000 ko wata shida a gidan yari. Ɗan haya ma yana da damar kai ƙara idan ya ga ƙarin da aka yi masa ya wuce hankali. Ma'ana, ɗan haya ɗaya mai taurin kai zai iya zama shekara guda ko fiye ba ka ga kuɗinka ba, rubu'in hayar gidan ke nan a misalinmu. Maganin yana wurin shiga: a san sana'arsa, a ga inda ya taso a ji yadda suka rabu, a sami mai tsaya masa, a rubuta yarjejeniya mai wa'adi tsayayye na shekara ɗaya wadda ta fayyace wanda zai kwashe sokawe, wanda zai biya masu shara da maigadi. Idan rigima ta taso, cibiyar sasanci ta gwamnatin jiha, Citizens' Mediation Centre, tana sauraron irin wannan kyauta, kuma sau da yawa yafe wata biyu a karɓi makulli ya fi shekara ana sintiri a kotu arha.

A nan sai mun faɗi wata mai ɗaci. Hayar da ta fi wuyar karɓa ita ce ta ɗan uwa da ɗan gari ɗaya. Wanda zai saukar da ɗan ƙaninsa a fulat ɗaya don zumunci, Allah ya ba shi lada, amma ya cire fulat ɗin daga lissafi tun farko, ya auna cinikin a kan uku.

Irin gidan ma yana sauya lamba. Gidan ɗakuna a jere mai banɗaki na tarayya, da ƙananan ɗakuna masu banɗaki a ciki, da ciki da falo, sukan fi manyan fulat kawo kuɗi a kan kowace naira da aka zuba, kuma ba sa daɗewa babu kowa. Sai dai mutum goma sha biyu sun fi huɗu cika sokawe da kashe sumo, sun fi yawan tashi, sun fi yawan ƙorafi, don haka kason gyara da na mai kula ya ƙaru. Shaguna a bakin titi ɗawainiyarsu kaɗan ce. Idan kamfani ne ya kama haya zai cire kashi 10 na haraji daga tushe, a karɓi shaidar biyan a wurinsa don a rage a harajin ƙarshen shekara. Gidajen saukar baƙi na kwana-kwana da ake yayi yanzu kuwa sana'ar otal ce, da dizal, da wanki, da ma'aikata, lissafinta daban.

Kuɗin shekara da ke shigowa a dunƙule shi ke ruɗin mutane. A buɗe wa gidan asusunsa na banki shi kaɗai. Ranar da haya ta shigo a fara ware kason tsufan kaya, na haraji da na gyara, abin da ya rage shi ne na aljihu, shi ma a raba shi goma sha biyu. A ba kowane ɗan haya rasit, doka ta wajabta, kuma da sabuwar dokar haraji ta 2025 da ta ba ɗan haya sassaucin kashi 20 na hayarsa har zuwa naira 500,000, masu neman rasit za su ƙaru, hayar da mai gida ke karɓa kuma za ta daina ɓoyuwa ga hukumar haraji. Kuɗin hidima na maigadi, shara da injin ruwa a ba shi rasit daban, a riƙa nuna wa 'yan haya yadda aka kashe shi duk wata shida. Abin da ya taru na haya ya kai nisabi ya shekara kuma akwai zakka a kansa, a tuntuɓi malamai.

Mai son saye ya juya lissafin ta baya. Ya fara da hayar da maƙwabtan gidan ke biya a zahiri, wadda ya ji daga bakin 'yan haya, ya cire wajen rabi, ya yanke wa kansa ribar da ba zai sauka ƙasa da ita ba. Idan kashi 5 yake so kuma abin da zai rage miliyan 4 ne, jarinsa gaba ɗaya kada ya wuce miliyan 80, da la'ada da lauya da gyara a ciki. Tayin da zai yi wa gidan miliyan 100 ɗin nan bai kamata ya haura miliyan 63 ba. Idan mai gida ya ƙi sallamawa, a ce masa Allah ya kawo kasuwa, a duba na gaba.

Mun gode, Allah ya ƙara wa jaridar nan ɗaukaka.

Daga wasu masu harkar gidaje da filaye,
Agege, Legas.